Jinin Wanda Ya Fasa Saifar Yayana

Ni ce Naomi 'yar marigayi Barau na Samaru. Tun yanzu nake roƙon wanda ba ya iya tsayawa ko kaza ake yankawa ya haƙura da labarin nan, don daga farkonsa har ƙarshensa jini ne, wani a kwalba, wani a ƙasa.

A shekarar 1957 ina shekarata ta biyu da fara koyon aikin gwajin jini a wani asibiti da ke gefen Sabon Gari. A ɗakin kwanan ma'aikata mata nake zama, sai ranar Asabar in hau mota in tafi gida wajen Inna. Mai koya mana Malam Nwankwo ne, wani gajere mai sanƙo da ya daɗe a Zariya har in ya yi fushi da Hausa yake zagi. A hannunsa na koyi cewa jinin ɗan Adam rukuni huɗu ne, A da B da AB da O, kuma in aka ƙara wa mutum wanda ba nasa ba, sai jiki ya hau rawa, baya ya ɗauki ciwo, fitsari ya koma baƙi, ƙoda ta tsaya. Muna da firiji mai aiki da kananzir, muna jera kwalaben jini a ciki. Sai dai kullum kusan wayam yake, don mutanen gari sun ce sayar wa Turawa muke yi. Waɗanda suke zuwa su bayar ba gardama 'yan reluwe ne. Malam ne ya bi su har loko, wurin gyaran kan jirgi, ya shawo kansu, ni kuma na huda yatsunsu ɗaya bayan ɗaya na gwada rukunin kowa.

A nan na haɗu da Amaechi.

Makanikin kan jirgi ne, Ibo ne, amma a Unguwar Gabas aka haife shi, Hausarsa Zazzaganci tsantsa. Ranar da na fara ɗibar jininsa, ƙato guda mai baƙin mai a farce, ya kau da kai daga allura ya kama rera waƙar coci da rawar murya. Na yi dariya har Malam ya harare ni. Tun daga ranar, da rana ta take sai wayar bangon ofishinmu ta yi ƙara.

"Daga loko ne. Ana buƙatar jini yau?"

"Ba a buƙata."

"To ita mai ɗibar, ta ci abinci?"

Ku gaya min tsakaninku da Allah, wace zuciya ce ba za ta karkata ba?

Damuwata ɗaya ce, Yaya Sati. Shi ya riƙe ni tun rasuwar Baba, shi ya sa ni makaranta. Ya je yaƙin Bama ya dawo da tabo daga kunne zuwa wuya, da wani irin shiru da ko Inna ba ta shiga. Shi ne shugaban leburori a gidan gonar gwamnati da ke Samaru. Kuma akwai maganar yayarmu Lucia. Wani ɗan reluwe ta aura, aka yi masa canji zuwa Fatakwal, ta rasu can wajen haihuwa. Labari kawai muka samu, har yau ba wanda ya san inda kabarinta yake. Tun lokacin ko kukan jirgi Yaya ya ji sai ya tofar da yawu.

Na roƙi Amaechi ya ƙara haƙuri. Ya ce shi ba ɓarawo ba ne da zai yi ta neman 'yar mutane ta waya.

Ranar Lahadi bayan mun taso daga coci, ina sanye da sabuwar atamfata mai ganyen rogo, ko ɗankwali ban cire ba, ina ɓare gyaɗar miya a tsakar gida, sai na ji ƙararrawar keke a waje. Amaechi ne. Ya yi sallama ya shigo cikin farar riga da ta sha guga, da ɗamarar wuya, da takalmi sai ƙyalli yake. Ya durƙusa gaban Inna ya ajiye goro da kwalin sukari da sabulu. Inna ta amsa gaisuwar tana satar kallon ɗakin Yaya.

Labulen ya ɗaga. Daga shi sai singileti da gajeren wando na kaki.

"Wane ne wannan?"

"Yaya, baƙo ne, ya zo gaida Inna."

"Ba ke na tambaya ba."

Amaechi ya juya yana durƙushe. "Sunana Amaechi, Yaya. A loko nake aiki. Na zo ne a san ni, kafin manyana su..."

"A ina ka ce kake aiki?"

"A loko, Yaya."

Ban ga lokacin da ya ɗauki ƙotar galmar da ke jingine da rumbu ba. Sautin kawai na ji. Amaechi ya ɗaga hannun hagu ya kare kansa, ƙashin ya ce ƙas, irin ƙarar da busasshen kara ke yi in an taka shi. Dukan na biyu ya same shi a baki. Farar rigar nan ta rine tun daga wuya har ciki. Ya tashi zai gudu, Yaya ya taɗe shi ya faɗi kan turmi, ya hau shi da ƙafa, a haƙarƙari, a ciki, a gadon baya, numfashinsa kawai ake ji. Na faɗa kan Amaechi na rufe shi da jikina. Yaya ya damƙi kitsona ya ɗaga ni sama, ya wanke ni da marin da ya sa kunnena na dama ya yi kwanaki yana kuka. Inna tana ihu, "Sati, don girman Allah! Sati, za ka yi kisa!" Da ƙyar maƙwabta suka taru suka danne shi a ƙasa. Ko da suka sake shi, waje ya fita ya ɗaga keken ya maka da bango, ya bi ƙafafun da ƙota har suka lanƙwashe. Sai da ya gama ya yi magana.

"Kun ɗauki ɗaya kun binne min ita a inda ban sani ba. Ba za ku ƙara ba."

A bayan motar gidan gona muka kai Amaechi asibitinmu, kansa a cinyata, haƙoransa biyu a ƙulle a bakin zanena. Aka ɗaure masa hannu, aka ɗinke leɓe, aka kwantar da shi a ɗakin maza. Abokan aikinsa suka yi ta zuwa dubiya. In na wuce su gaishe ni a daƙile, in na ba da baya su ci gaba da ƙus-ƙus.

Ranar Laraba da hantsi ina wanke gilasan gwaji na ji mota ta shigo a guje, ana ihu a kauce. Na leƙa ta taga. Motar gidan gona ce. Leburori suka sauko da mutum a kan buhu, hannunsa na lilo. Tabon wuyan na fara ganewa.

Sun je ɗaukar taki a siton kayan tasha, in ji direban, wasu suka fito daga bayan taragu da ƙarafa. Goshin Yaya a fashe yake, amma ba shi ne abin tsoro ba. Leɓensa ya yi fari fat, gumi mai sanyi na keto masa, cikinsa ya ɗaure tamau. Likita ya danna ƙarƙashin haƙarƙarinsa na hagu, Yaya ya yi wani gurnani da ban taɓa ji ba.

"Saifa ta fashe, jini na zuba a ciki," likita ya ce wa Malam Nwankwo. "Ba zan buɗe shi ba sai da kwalba biyu a hannu. Ku yi sauri."

Malam ya dube ni. "Za ki iya, ko in kira wani?"

"Zan iya, Malam."

Na ɗebi jinin Yaya daga jijiyar da ta riga ta shafe, na ruga ɗakinmu na gwaji. Na ɗiga shi wuri biyu a kan farin faranti, na zuba wa ɗaya ruwan gwajin A, ɗaya na B, na juya. Ina roƙon Allah ko ɗaya ya dunƙule, don in na A ya dunƙule to irin nawa ne, sai in miƙa hannu a kwashe duk yadda ake so. Ba wanda ya dunƙule. Na sake, haka. Yaya O ne, kuma mai O ba ya karɓar na kowa sai na O.

Na buɗe firiji. Kwalba uku, biyu A, ɗaya B. Ta O ɗin da muke da ita an ƙara wa wata mai haihuwa ranar Litinin.

Leburorin da suka kawo shi, da suka ji zancen ba da jini sai suka fara zamewa. Biyu suka tsaya, Allah ya saka musu, amma ɗaya B ne, ɗaya A. Amaechi O ne, na sani, na ambaci sunansa, amma Malam ya girgiza kai tun kafin in rufe baki.

"Wanda ya zubar da nasa ranar Lahadi? So kike in kwantar da biyu? Kira loko."

Na murɗa waya. Akawun loko ya ce babu kowa a wajen aiki, ya kife wayar. Na tsaya riƙe da kan wayar, sai idona ya kai bakin ƙofar asibiti. Ga 'yan loko can a ƙarƙashin mangwaro, sun fi mutum goma, cikin kayan aikinsu masu baƙin mai, sun yi cirko-cirko. Ba dubiya suka zo ba. Sun zo su ji ko ya mutu.

A cikinsu akwai Cindo, mai zuba wa jirgi gawayi, Bahaushe ɗan Sabon Gari, abokin Amaechi tun suna tsere a kan layin dogo. Hannun rigarsa na dama jiƙe yake har gwiwa, yana ta ɓoye shi a baya. Ni na huda yatsan Cindo da hannuna. O ne.

Ban san na ɗauki kwalbar ɗibar jini ba sai da na gan ta a hannuna a tsakiyarsu.

"Cindo, zo mu je ciki."

"In yi me, Malama?"

"Ka mayar masa abin da ka zubar."

"Ni ban taɓa kowa ba. Wa ya gan ni?"

Na cakumi wuyan rigarsa na fizgo hannun da yake ɓoyewa na ɗaga shi sama. "Wannan fa? Manja ne?"

Ya hankaɗe ni. Na faɗi kan tsakuwa, gwiwata ta daye, kwalbar ta tarwatse. Na tashi da wuyan kwalbar a hannuna, bakinta kamar haƙoran zarto, na sa masa a ƙarƙashin haɓa. Ni da ko ɓera ban taɓa kashewa ba. Na rantse muku a lokacin da ya motsa da na soka.

"Saurara ka ji," na ce, muryata ba tawa ba. "Yanzu duka ka yi. In ya cika, kisa ka yi, kuma rataye ka za a yi, ni zan tsaya gaban alƙali in nuna ka. Babu mai O a firiji, babu a danginmu. Wuyanka da ransa a igiya ɗaya suke. Ka zaɓa."

Sai Baba Kayode, wani dattijon direban jirgi mai furfura a gemu, ya matso ya kama hannuna a hankali ya sauke shi.

"Ya isa, 'yata. Cindo, wuce mu je." Ya juyo gare ni. "Ni ma kin taɓa cewa irin nawa kowa na iya karɓa. Har yanzu haka ne?"

"Haka ne, Baba."

"To muje. Ban ɗaga ƙarfe ba, amma ina tsaye ban hana ba."

Malam ya ɗauki Baba Kayode, ni na ɗauki Cindo. Na kwantar da shi, na ɗaure dantsensa da roba, na goge gwiwar hannun da auduga. Jinin yayana ne ya bushe a wurin, sai da na canza auduga sau da yawa kafin fata ta fito. Na soka allura, kuma ban yi masa a hankali ba. Jini ya biyo roba ya fara taruwa a kwalba, ina juya ta don ya gauraya da maganin hana daskarewa. Cindo na kallon silin, hawaye na gangara masa cikin kunne.

"Wallahi Malama ba mu yi niyyar haka ba. Yayanki ne ya fara kai wa Baba Kayode naushi. Mutumin nan ko an buge shi tashi yake."

"Matse hannunka. Saki. Matse."

"Cewa aka yi mu tsorata shi kawai."

Hannuna ya tsaya a kan kwalbar. "Wa ya ce?"

Ya rufe ido.

"Cindo, wa ya gaya muku yau zai zo tasha?"

"Amaechi ne ya ce duk Laraba yake kawo motar taki."

Kwalbar ta cika ban sani ba, sai da Malam ya daka min tsawa.

Saura gwaji na ƙarshe, wanda Malam ba ya tsallakewa ko gobara ake yi. Ko rukuni ya zo ɗaya, dole a haɗa ƙwayoyin jinin mai bayarwa da ruwan jinin marar lafiya a ga ko za su zauna lafiya. Muka haɗa, muka zauna jira. Sista Josephine ta ɗakin tiyata ta zo ta buga ƙofa ta ce bugun jijiyarsa na ɓacewa. Malam ko ɗaga kai bai yi ba. Ta sake dawowa tana faɗa, ya ce ta gaya wa likita ya ci gaba da ƙara masa ruwa. Ni kuwa na ciji yatsana har ya fashe. Da lokaci ya yi ya tura min madubin likita.

"Duba da kanki. Yayanki ne."

Na kafa ido. Ƙwayoyin suna warwatse kowace ita kaɗai, kamar geron da aka baza a tabarma, babu inda suka cure. Na duba na Baba Kayode, haka. Na rungumi kwalaben biyu da ɗuminsu a ƙirjina na ruga, gwiwata na zubar da jini a kan farin takalmina.

Ana cikin aikin direba ya kawo Inna. Ko mayafi babu, garin dawa a hannunta har gwiwa. Ta zauna a ƙasan baranda ta ƙi hawa benci.

"Naomi, an ce an zuba masa jinin wani. Na wa?"

"Na wasu bayin Allah ne, Inna."

"Allah ya yi musu albarka, su da zuriyarsu."

Na ce amin. Me kuke so in ce?

Bayan la'asar aka fito da shi da rai. An cire saifar. Babu gadon da ba kowa a ɗakin maza sai ɗaya, kuma shi ne ke fuskantar na Amaechi. Tun Yaya bai farfaɗo ba na tsallaka na tsaya a kan Amaechi. Leɓensa a kumbure, hannu rataye a wuya. Ya ga gwiwata, ya ga fuskata, ya sunkuyar da kai.

"Kai ka tura su?"

"Naomi..."

"E ko a'a."

"Ranar Litinin ne, ina cikin zafin ciwo. Suka tambaye ni inda ake samunsa. Na ce su nuna masa ni ma ina da mutane. Ban ce su..."

"Shi ya goya ni, Amaechi. Shi ya kai ni makaranta a kafaɗarsa."

"Ni kuma a gaban uwarki ya zubar min da haƙora ina durƙushe." Ya ɗago kai ya dube ni. "In ce miki ban ji daɗi ba da aka ce sun kama shi, na yi ƙarya. Amma da na ga an wuce da shi a kan buhu, na roƙi Allah ya ɗauki raina a madadinsa. Ki yi yadda kika ga dama da ni."

Abin da ya fi ƙona min rai, ina tsaye ina jin kamar in shaƙe shi, amma hannuna da kansa ya gyara masa ɗaurin wuyan da ya zame. Na tsani kaina a kan wannan, na fice.

Washegari da safe Yaya ya buɗe ido. Fitsarinsa fari tas, babu zazzaɓi, jinin ya karɓe shi. Wani sajan ɗan sanda ya zo ya tambaye shi su wa suka yi masa haka. Yaya ya ce ta baya suka zo, bai ga kowa ba. Sajan ya juya tambayar ta kowace fuska, amsa ɗaya. Da ya gaji ya tafi, na ji wani sanyi a raina, na ce ko kusantar kabari ta sauke masa zuciya.

Na sunkuya ina gyara robar da ke hannunsa, sai ya riƙe wuyan hannuna. Mutumin da aka farke cikinsa jiya, amma riƙon kamar na ƙarfe.

"Na ji kin sa wa wani kwalba a wuya saboda ni."

"Yaya, ka huta."

"Na gan su duka, Naomi. Na san fuskar kowa. Wannan ba aikin ɗan sanda ba ne." Ya numfasa da ƙyar. "Abu ɗaya ne ban sani ba. Wa ya gaya musu ranar da nake zuwa tasha?"

A bayana ina jin Amaechi ya daina motsi a kan gadonsa.

"Ban sani ba, Yaya."

Ya daɗe yana kallona. Sannan ya saki hannuna, ya juya kansa a hankali a kan matashi, ya tsayar da ido a kan gadon da ke fuskantarsa. Ya yi murmushin da rabona da gani tun kafin ya tafi yaƙi.

"Suruki," ya ce, "yaya jikin?"